Kawuna da Aka Ƙwace wa Aji

Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma, Kawu dai ya riga mu isa. Ya cika da hantsi a gidan gado da ke Gwandu, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ranar ban yi wani kuka sosai ba. Sai daga baya kukan ya zo, kuma ya zo min tare da fushi. Fushin ne ya zaunar da ni rubuta wannan, domin na lura in muka yi shiru, mutanen da suka wulaƙanta shi yana raye su ne za su riƙa ba da labarinsa yanzu da ba ya nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Aikinsa koyar da ilimin gudanarwa ga ɗaliban kasuwanci 'yan aji ɗaya, wato yadda ake tsara aiki a ma'aikata ko kamfani ko ƙungiya, a raba shi, a ja ragamar masu yin sa, a kuma bi sawu a ga an yi. Ya koyar a wata babbar makaranta da ba zan kama sunanta ba. A Kalgo ya kafa gida, daga can yake hawa tsohon babur ɗinsa ya tafi aiki. A gidan nan na zauna lokacin da nake karatun digiri, a ajinsa kuma na zauna a kan benci kamar kowa.

Zaman makoki ya nuna min mutane iri-iri. Tsofaffin ɗalibansa suka yi ta sauka daga ƙananan bas da babura, wasu daga Kambaza, wasu daga Dangoma, wasu daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Akwai wani ƙaton mutum mai furfura a gemu da ya durƙusa gaban Yaya, babban ɗan Kawu, ya buɗe baki zai yi gaisuwa, maganar ta ƙi fita, sai ya cire hula ya rufe fuska da ita. Akwai wata malama Kirista 'yar ƙasar Zuru, abokiyar aikin Kawu, wadda ta shigo wajen mata ta zauna kusa da Inna, matar Kawu, ta kama hannunta, har aka kira la'asar ba ta sake shi ba.

Sai ga manyan motoci sun tsaya a ƙofar gida har sun toshe lungu. Shugaban sashen da Kawu ya yi aiki ne da tawagarsa, cikin manyan riguna masu sitati. Yaya ya shigo da shi don ya gai da Inna. Ya tsuguna a bakin ƙofa, bayan labule, ya gyara murya yadda duk matan da ke tsakar gida za su ji.

"An yi babban rashi, Hajiya. Marigayi uba ne gare mu duka. In Allah Ya so, za a sanya sunanshi ga sabon ɗakin lacca."

Inna ta ce, "Allah Ya ba da lada." Ina kallon malamar nan, ta sunkuyar da kai. Da ya fita, Inna ta share ido da gefen mayafi, ta ce a hankali, "Da shina da rai, da ya tambaye shi wa za ya sanya." Matan gida suka tuntsire da dariya, dariyar ta koma kuka. Ni kuwa na tashi na shiga madafa, don na san in na tsaya zan bi mutumin nan har mota in faɗa masa abin da bai dace a faɗa a gidan mutuwa ba.

Abin da Inna take nufi, duk wanda ya zauna da Kawu ya san shi. Ba abin da ya tsana a magana irin "za a yi" da "an ce" da "ba a kawo ba". In ka ce masa za a gyara famfo, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ka ta saman tabarau.

"Wanga Malam A da kullum shi ka yin komi, ɗan wane gida ne? Kun taɓa ganin shi? Ku ba ni sunan mutum."

Malam A shi ne "a" ɗin nan na "za a yi". Yaran gida sun sha wannan tambaya har sun gaji. A aji ma haka. Yakan ce rabin ma'aikatun ƙasar nan sun mutu ne a hannun Malam A, domin shi ake ba aiki, shi ne kuma ba a iya kamawa.

Ba na manta ranar da na fara shiga ajinsa. Ɗakin ya cika maƙil, wasu a tsaye, wasu a kan taga, bencina a hargitse yadda 'yan wani taro suka bar su. Kawu ya shigo da alli a aljihun riga, bai gai da kowa da Turanci ba, bai rubuta sunansa a allo ba. Ya ce, "Ku gyara zaman nan yadda kowa za ya ga allo." Daga nan ya ja kujera ya zauna a gefe ya harɗe hannu.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Wannan ya ja benci gabas, wancan ya ja shi yamma. Maza uku suna ba da umarni lokaci guda, ba mai sauraren wani. Mata muka koma bango muna kare ƙafafunmu. Wani ya take wa wani takalmi har aka kusa dambe. Da hayaniya ta kai inda ta kai, Kawu ya buga tebur sau ɗaya.

"To, mi kunka gani? Ku ɗari nawa ne, benci bai fi ƙarfinku ba, kowa na son a gyara. Mi ya hana?"

Wata daga baya ta ce ba mu san yadda ake son zaman ya kasance ba. Ya rubuta a allo: tsarawa. Wani ya ce ba a ce wane ya ɗauki wane ba. Ya rubuta: rabon aiki. Wani ya ce masu ba da umarni sun yi yawa. Ya rubuta: jagoranci. Shi da kansa ya ƙara na huɗu, ya ce ko da mun gama, wa zai je can ƙurya ya zauna ya tabbatar ana ganin allon? Ya rubuta: bin sawu. Sannan ya juyo yana karkaɗe alli daga hannu.

"Wanga shi ne karatunmu na zangon nan duka. Sauran abin da za ku ji, sunayen Turawa ne da sunka rubuta shi cikin littafi. Ku sake gwadawa."

Muka zaɓi mutum ɗaya, ya raba mu, kafin a jima ɗakin ya daidaita. Na yi karatu a hannun malamai da yawa bayan wannan, masu manyan muƙamai da ƙananan. Abin da na manta daga cikin laccocinsu ya fi abin da na riƙe. Ranar bencin nan kuwa tana nan daram a kaina.

Kada a ɗauka mutum ne mai sauƙin zama. Ni da shi mun yi rigimar da har yau ban gama yafe masa ba. Ya raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya je ya binciki yadda wata sana'a take tafiya ya kawo rahoto. Aka ba mu masu sayar da albasa, aka naɗa ni shugaba. 'Yan rukunina malalata ne, in na kira taro mutum biyu ke zuwa. Na ce ba zan bari su ja ni ƙasa ba. Na hau mota ni kaɗai na je kasuwa, na yi hira da dillalai da masu lodi, na rubuta komai da hannuna, na sa sunayenmu duka. Rahotonmu ya fi na kowa kyau, Kawu da bakinsa ya faɗa a gaban aji. Sannan ya kira 'yan rukunin ɗaya bayan ɗaya ya yi musu tambayoyi, ba wanda ya iya amsa ko guda. Da sakamako ya fito, ni ce na samu maki mafi ƙanƙanta a cikinmu.

Na same shi a gida yana wanke babur. Na ce, "Kawu, ni na yi aikin nan duka."

Ya ce, "Awo, na sani. Shi ya sa."

"Su da ba su yi komai ba sun fi ni?"

"Su malalata ne, na ba su makin malalata. Ke shugaba anka yi ki. Ba rahoton albasa na aike ki ba, ɗiyata, mutane na ba ki. Ina mutanen?"

Na daina cin abinci a kwanon gidan, na daina gaishe shi sai dole. Mahaifiyata ta ji labari ta hau mota daga Gwandu ta sauka a Kalgo da zafinta. Ina ɗaki ina jin su. Ta ce ya ci amanar zumunci, ta ba shi 'ya ya tozarta ta a gaban bare. Ya ce a gida 'yarsa ce, a aji ɗaliba ce, kuma in ta fi so ya yi mata ƙarya to ta ɗauke ta ta kai wa mai yi. Mahaifiyata ta ce tun suna yara haka yake, kansa kamar dutsen niƙa. Suka yi watanni ba sa ga maciji. Har gobe ina ganin ya tsananta, da ya ja kunnena a gefe da ya wadatar. Amma makin bai canza ba, shi ma bai taɓa nuna ya yi nadama ba.

Mutumin da ya yi min wannan shi ne kuma ya ɗauki wani ɗalibi mai i'ina, ɗan masunta, wanda in an ce ya tashi ya yi bayani a aji sai gumi ya jiƙa masa riga, 'yan aji suna ƙyalƙyala dariya. Kawu ya ce ya riƙa zuwa gida duk Juma'a bayan la'asar. Zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya sa shi ya tsaya ya yi bayanin da Hausa, ga Kawu ga Inna ga duk wanda ya zo wucewa. In ya sarƙe, Kawu ba ya ƙarasa masa kalma, ba ya kuma kau da ido, jira yake har ta fito. Daga Hausa suka koma Turanci. A ƙarshen zango ya tsaya gaban aji ya yi bayaninsa har ƙarshe, da i'inarsa da komai, ba wanda ya yi dariya. Shi ne mai furfurar da ya rufe fuska da hula a wajen makoki. Yanzu shi ke shugabantar wata ƙungiyar masu sayar da kifi.

To ga abin da ke ƙona min rai. A sashen nan, kwas ɗin 'yan aji ɗaya abin raini ne. Sabon malami ake jefa wa, ko wanda ake son a hora. Ɗalibai sun yi yawa, takardun dubawa tuli, ba suna, ba tafiye-tafiye. Kowa gudunsa yake, Kawu kuwa shi ya roƙa a bar masa, shekara da shekaru. Yakan ce in harsashi ya karkace, ba abin da 'yan aji huɗu za su ɗora a kai. Saboda haka abokan aikinsa suka sa masa suna malamin firamare, suna faɗa a bayan idonsa, wani lokaci ma a gabansa da sunan wasa. Yaran da ya koyar suka je suka dawo da manyan digiri, suka wuce shi a muƙami. Bai zama farfesa ba, bai kuma damu ba. Ni na damu. Na ga mutanen da ba sa shiga aji sai sau biyu a zango, su jibga wa ɗalibai takardun saye su ɓace, ana tashi tsaye in sun shigo taro, Kawu kuwa yana can baya yana neman kujera.

Shugaban sashen nan da ya zo da babbar riga yana cikin waɗanda Kawu ya koyar. Abin da ya shiga tsakaninsu, malamar Zuru ce ta ba ni labarinsa filla-filla, Inna ta cike min sauran.

Ana gab da jarrabawar 'yan aji ɗaya, Shugaban ya tare malamar a baranda, lokacin ba ta daɗe da fara aiki ba, ya ce mata ta kula da jarrabawar. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ba ta makullin ɗakin da takardun tambayoyi suke ba. Bai gaya wa sauran malamai cewa ita za su bi ba. Ya kama hanyar Abuja wajen wani taro, ya kashe waya. Da safiyar jarrabawa ɗalibai suka taru, takardu na kulle, babban ɗakin da aka saba amfani da shi wani sashe ya riga ya shiga, masu sa ido suka ce su ba wanda ya sanar da su. Malamar ta yi ta gudu daga ofis zuwa ofis, kowa ya ce ba huruminsa ba ne. Rana ta take. Da aka samu wani ƙaramin ɗaki aka buɗe, ɗalibai suka yi ca a ƙofa, kowa na tsoron kada a fara ba shi. A turmutsutsun nan wata ɗaliba mai juna biyu ta faɗi aka tattake ta. Ta rayu, cikin bai rayu ba.

Hukumar makaranta ta ce sai an kawo sunan mai laifi. Shugaban ya dawo ya kira taron sashe. Ya ce an yi sakaci, an kunyata sashe, kuma kowa ya san wa aka ɗora wa aikin. Malamar ta ce min tana zaune ta san korar ta za a yi, ga 'ya'ya ga tsohuwar uwa a gida. Sai Kawu ya ɗaga hannu daga baya.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Ranar nan, makullin ɗakin takardu hannun wa yake?"

Shugaban ya ce ba wannan ake tattaunawa ba.

"Shi nike tambaya. Hannun wa?"

"Yana wurina, amma ai da ta neme ni."

"Ta neme ka, wayarka na kashe, ni ma na neme ka. Cikin malamman da ke nan, wa ka gaya ma cewa ita ce mai magana ranar? Mutum ɗaya ya ɗaga hannu in gani."

Ba hannun da ya tashi.

Kawu ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ni na koya maka, kana zaune kusa da taga. Shugaba na iya miƙa aiki, shina iya miƙa iko, amma alhaki ba ya barin wuyanshi. Kai ka miƙa mata aiki, ka tafi Abuja da iko cikin aljihu, yanzu ka dawo kana son ka rataya mata alhaki. Wata baiwar Allah ta rasa ɗanta. In suna ake so, naka za a kai. Wagga yarinya ba da bakina ba."

Malamar ta ce farfesoshi kowa ya duƙufa kan wayarsa. A cikinsu akwai waɗanda suka rubuta littattafai a kan shugabanci. Ko ɗaya bai ce Kawu ya yi gaskiya ba. Bayan an tashi ne wasu suka riƙa tare shi a wajen ajiye babura suna raɗa masa cewa Allah Ya saka da alheri. Ya ce wa ɗayansu, "Da ka faɗa ciki da ya yi amfani."

Maganar Kawu ta fita daga ɗakin, ta kai inda ta kai. Ba a kori malamar ba, aka ja mata kunne kan laifin da ba nata ba. Shugaban kuwa ko ƙwarzane bai samu ba.

Da sabon zango ya kama, Kawu ya shirya da sassafe kamar yadda ya saba, alli a aljihu. Ya isa ƙofar ajin 'yan aji ɗaya, sababbin ɗalibai sun cika ɗaki, sai ya tarar da wani matashin malami a gaban allo ya riga ya fara. Shi ma tsohon ɗalibinsa ne. Ba wanda ya kira Kawu ya sanar da shi, ba wanda ya aiko masa. Matashin ya fito da sauri, ya rusuna.

"Malam, wallahi an ce ni zan ɗauki kwas ɗin bana."

"Wa ya ce?"

Matashin ya dubi ƙasa. Ɗalibai suna leƙe ta taga, ba su san ko wane ne tsohon nan ba. Kawu ya sa hannu a aljihu ya ciro allin ya damƙa masa. Ya ce, "Na baya ba su ganin allo. Ka sa su gyara benci tukuna." Ya juya.

Inna ta ce tana shara ta ji ƙarar babur da hantsi, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya shigo bai yi sallama da ƙarfi ba, ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Ta tambaye shi lafiya. Ya ce, "Sun ɗauke mani yarana." Ta ce a duk zamansu ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar da mahaifiyarsa ta rasu, sai kuma ranar.

Abin da suka ba shi a madadin aji shi ne shugabancin wani kwamiti na kula da tsofaffin takardun sashe. Ɗaki ne ƙarami a ƙarshen baranda, ba ɗalibin da ke bi ta wajen. A nan ya ƙarasa 'yan shekarun da suka rage masa har ya yi ritaya. Kullum yana zuwa a kan lokaci, yana tashi a kan lokaci. Ranar da ya ajiye aiki ba a yi masa ko taron shan lemo ba.

Ina so waɗanda suka yi wannan su sani cewa mun sani. Ba ku kore shi ba, ba ku rage masa matsayi ba, don haka kuna iya cewa ba ku yi masa komai ba. Kun zauna kun duba abin da ya fi so a duniya, kuka cire masa shi, kuka bar shi ya je ya gano a gaban yara. Kuna koyar da yadda ake riƙe ma'aikaci nagari, kuna ba da jarrabawa a kai, kuna kayar da ɗalibai in ba su haddace ba. Ga ma'aikaci nagari Allah Ya ba ku a hannu, ga abin da kuka yi da shi.

Bayan ritaya jikinsa ya fara sanyi, magana ta ragu. Lokacin ni na yi aure a Gwandu, ina jagorantar wata ƙungiyar mata masu gumin shinkafa, muna sayen shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, mu turara mu shanya mu kai inji. Ƙungiyar ta kusa watsewa saboda rigima. Na roƙe shi ya zo ya yi mana magana, rabi don mu, rabi don in fitar da shi daga ɗaki. Ya zo, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, mata suka zauna daga ciki. Ya fara tambaya: wa ke sayen shanshera, wa ke kula da wuta, wa ke zuwa inji, wa ke magana da 'yan kasuwa. Kowace tambaya, mata su nuna ni. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, na ji kamar in nutse. Kafin ya tashi kowane aiki yana da mai shi, da suna.

Wata tsohuwa a cikinmu ta ce, "Malam, ashe abin da kake koyarwa can ke nan? Mu mun ɗauka Turanci ne."

Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, har da tari. Daga nan ya riƙa zuwa duk mako, har masu babur ɗin haya na unguwarmu suka ji labari suka ce su ma a zo musu. Allo ya sa aka jingina masa a bangon zaure. A wannan ɗan tsakanin na ga Kawun da na sani ya dawo.

Bai daɗe ba hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Aka yi ta asibiti, aka dawo da shi gidan gado a Gwandu. Wata safiya jikin ya tsananta, ɗakinsa ya cika da mu. Yaya ya ce a ɗauko mota yanzu a tafi Sakkwato. Ƙanen Kawu ya ce ba inda za a kai shi, hanya kaɗai za ta ƙarasa shi. Mahaifiyata tana goyon bayan wannan, sai kuma ta koma bayan wancan. Murya ta yi sama. Ɗaya ya ce min in haɗa kaya, ɗaya ya ce in ajiye. Inna tana zaune a gefen gado da kofin ruwa a hannu, ba wanda ya tambaye ta.

Sai muka ji ana buga katakon gado. Kawu ne, da hannun hagu. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalmomin su fito.

"Ɗakin ga... shugaba ɗaya."

Yaya ya matso yana zaton shi ake nufi. Kawu ya ɗaga yatsa a hankali, ya wuce ɗansa, ya wuce ƙanensa, ya tsaya a kan Inna.

"Ita. Ku kai mata... shawara."

Inna ta ajiye kofin. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban maza ba ta ce Yaya ya faɗi dalilinsa, ya faɗa. Ta ce ƙanen mijinta ya faɗi nasa, ya faɗa. Ta sa na kira likitan da ke duba shi a waya, ta tambaye shi ba kwana-kwana ko tafiyar za ta ƙara wani abu. Ta saurari amsar har ƙarshe. Sannan ta sunkuya ta yi magana da mijinta a kunne, ya lumshe ido.

Ta ɗago ta ce, "Nan za ya zauna." Ta ce Yaya ya ɗauko Alƙur'ani ya zauna wajen kansa. Ta ce ƙanen mijinta ya je ya sanar da dangi. Ta ce mahaifiyata ta kula da masu shigowa, ni kuma in riƙe ruwa da magani. Kowa ya tashi ya kama abin da aka ba shi. Na dubi Kawu, rabin fuskarsa mai motsi yana murmushi.

Washegari da hantsi ya cika, hannunsa a cikin na Inna, muryar ɗansa a kunnensa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ka san abin da ya koyar, Ka san abin da aka yi masa. Ka yafe masa tsananinsa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa kowane ɗalibi da ya gyara wani aiki saboda shi ya zama haske a gare shi. Ka ba Inna haƙuri. Ni kuma Ka sanyaya min zuciya, don har yanzu ba ta huce ba.